Tsohon Famfon Feshi da Kifin Mai Jego

Zan fara da neman uzuri. Abin da zan faɗa ya faru ne a daminar da ta biyo bayan dawowata daga bautar ƙasa, kuma ban rubuta komai ba a lokacin. Wasu abubuwan na tabbata da su, wasu kuwa ina zargin na yi ta juya su a raina har suka sake kama. Launin famfon ma mun yi gardama a kansa da yayana: ni na ce shuɗi ne, shi ya ce ruwan ɗorawa ne da rana ta cinye. Maganganun da zan kawo, ma'anarsu nake riƙe da ita, ban da tabbacin kalmomin. Warin ne kaɗai ba na shakka a kansa.

Muna da gonar shinkafa a fadama, ba nisa da Wara, da wani yanki a tudu inda ake shuka gero da wake. Tun rasuwar Baba, Yaya ne ke riƙe da su. Ni kuwa, tunda neman aiki bai haifar da komai ba tukuna, nakan bi shi gona in yi abin da na iya, wanda ba shi da yawa.

Famfon feshin da muka gada irin na goyo ne. Ana rataya shi a baya, hannun hagu yana buga mariƙi sama da ƙasa, na dama yana riƙe da sandar feshi. Ya tsufa ƙwarai. Murfinsa ya tsage, an naɗe shi da leda da robar tayar keke, amma duk takun da Yaya ya yi sai ruwan magani ya fantsalo ya gangara ta wuyansa zuwa gadon baya. Idan ya dawo gida ya tuɓe riga, za ka ga bayan ya yi jawur, daga baya fatar ta riƙa saɓulewa kamar ɓawon dafaffen dankali. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne idan bakin famfon ya toshe. Sai Yaya ya kwance shi, ya kai baki ya hura, ya tofar da yawu fari kamar madara, ya goge leɓe da bayan hannu, ya ci gaba da aikinsa. Wani lokaci daga nan sai ya ciro goro a aljihu ya gutsura.

Na daɗe ina yi masa magiya a canza shi. Bayan an sayar da shinkafar rani ya yarda, ina jin don ya huta da bakina ne. Muka je Yelwa muka sayo sabo mai batir. Shi ba a buga masa mariƙi, maɓalli ake dannawa, sai ya kama ƙara siririya kamar kukan sauro, maganin ya fito kamar raɓa. Murfinsa yana rufewa ruf, ba ya ɗiga ko kaɗan. Idan caji ya ƙare a kai shi shagon mai cajin waya ya sha wutar sola. Mai shagon da ya sayar mana ya haɗa mana da abin rufe hanci, Yaya ya sa shi ranar farko, daga nan ya koma rataye a ƙahon babur har ya yage.

Dole in faɗi gaskiya, sabon famfon ya yi aiki. Abin da Yaya yakan wuni yana yi, kafin rana ta take ya gama. Bayansa ya warke. Maƙwabtanmu na gona suka riƙa tsayawa kallo, wani dattijo ya ce, "Wanga abu ko mace na iya goya shi ta tahi biki." Yaya ya ce masa, "To ka kawo taka, Baba, mu ɗauke ta aiki." A makonnin nan na ji daɗin da ban ji ba tun da na gama makaranta, don ga abu ɗaya da na kawo shawararsa ya yi amfani.

Saura tsohon. Shawarata ita ce a huda tankin, a farfasa shi, a binne shi nesa da rijiya. Abin da na karanta ke nan, kuma shi ne aka zana a jikin kwalaben maganin. Na ɗauko ƙusa da guduma ke nan Inna ta fito daga madafa.

"Mi za ka yi da shi?"

"Huda shi zan yi, Inna. Roba tana shan magani, ko an wanke ba ya fita dut."

"Abin da ubanku ya goya shekara da shekaru? Aje gudumar nan. A gidanga ba a hwasa abin da anka ci abinci da shi."

Haka al'adar gidanmu take, kuma na san ta tun ina yaro. Idan sabon abu ya shigo, tsohon ba ya zuwa kasuwa, ba ya zuwa juji, hannun ɗan'uwan da ba shi da shi yake tafiya. Keken Baba haka ya fita, rediyonsa haka, har tukunyar ƙarfe da gindinta ya lotsa. Inna ta ce ƙaninta, Kawu, yana da 'yar gonar wake a bayan gari, aron famfo yake yi kullum, shi za a kai wa. Kawu mai bandar kifi ne a bakin tafki. Yana saye a hannun masunta, ya gasa, ya cika kwalaye, motoci su ɗauka zuwa kudu. Ban san yana noman wake ba, amma ban ga dalilin musu ba. Na wanke tankin da omo da toka har hannuna ya yi fari, na shanya shi, Yaya ya kai masa.

Ana tsakiyar marka matar Yaya ta haihu, 'ya mace. Ta sha wuya, ta zubar da jini da yawa, aka ce a kula da abincinta. Ni da ita muna wasa irin na ƙanin miji, ita ce ma kaɗai a gidan da ke iya sa ni dariya a lokacin. Da na leƙa yi mata barka, tana kwance fuska ta faɗa, amma ta ce, "Miji, hannu wofi ka taho? Ko digirin naka za a dahwa mini?" Na ce ta yi haƙuri, kifi na hanya. Inna ta riga ta ce in je bakin ruwa in sanar da Kawu ranar suna, in kuma karɓo bandar da ya yi alkawari tun cikin yana ƙarami. Farfesun tarwaɗa da yaji mai kimba shi ne abin da Inna ke ɗora kowace mai jego a kai.

Na isa kwata, inda jiragen masunta ke sauke kifi, da hantsi, bayan an yi ruwa da safe. Wanda ya san wurin a damina ya san yadda yake: taɓo gauraye da ɓawon kifi da hanji, hayaƙin murhunan banda ya kasa tashi sama saboda laima, jirage a jere suna gogar juna, ƙudaje kuwa idan ka buɗe baki da nisa sai ɗaya ya faɗa. Wannan duk ban ƙyamace shi ba, a cikinsa Inna ta girma, kuma na sha zuwa ina yaro. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani wari da na ji yana ratsa ƙarnin kifi da hayaƙi, wari mai kaifi da ke kama maƙogwaro, wanda na saba ji a rigar Yaya. Sai kuma na ji ƙarar mariƙi, ƙiƙi-ƙaƙa, ƙiƙi-ƙaƙa. Ko a mafarki na san wannan ƙarar.

Na zagaya bayan rumfar Kawu. An shimfiɗa tamfol babba, an baza bandar tarwaɗa a kai, kowace an naɗe ta bakinta ya cije wutsiya. Kawu yana tafiya a gefen tamfol ɗin da famfon Baba a bayansa, yana bugawa, yana kaɗa sandar hagu da dama bisa kifin kamar mai feshin wake. Kifin yana sheƙi. Ƙudaje suna faɗowa a kai suna juyi da baya, wasu a cikin bakin tarwaɗar, wasu a ramin idonta. A gindin turke ga kwalbar fiya-fiya a buɗe, kusa da ita wata kwalbar maganin ƙwarin gona mai hoton ƙoƙon kan mutum. Murfin famfon yana nan yana ɗiga, rigar Kawu ta jiƙe daga wuya zuwa ƙugu.

Ya hango ni ya washe baki. "Malam ɗan boko. Lale. An sauka lahiya? Mi anka samu?"

Na gaishe shi yadda ya kamata, na durƙusa, na faɗa masa mace ce, na faɗi ranar suna. Sannan na ce, "Kawu, wanga famfon na waken ne da Inna ta ce."

"Wake? Akuyoyi sun cinye waken tun shina ganye biyu." Ya yi dariya ya bubbuga tankin. "Amma kai, Allah shi yi maka albarka. An ce kai ka sa anka sayi sabo. Da can da tsintsiya nike yayyahwawa, wani wuri shi yi yawa, wani wuri bai samu ba. Yanzu dubi, dut ya game. Har maƙwabta na zuwa aro."

Na ce maganin nan guba ne, ba a yi shi don abinci ba. Na ce shi a hankali, don kawuna ne, kuma akwai mutane a kusa. Bai yi fushi ba. Ya sa hannu a wani kwando da ba a fesa ba, ya ɗauko tarwaɗa ɗaya ya karya ta a tsakiya. Cikinta yana motsi. Tsutsotsi farare ƙanana suka zubo masa a tafin hannu, da wani gari-gari baƙi. Ya miƙo mini har kusa da hanci.

"Wanga kake so in kai ma mutane? Kahin mota ta kai kudu a wanga ruwa, kwali shi koma ƙashi da ƙwari. Maganin kau, iska na shan shi ya tahi." Ya juya ya tsinci ɗaya daga kan tamfol, mai danshin feshi, ya kaɗe matattun ƙudaje da yatsa, ya ɓalli tsoka ya jefa baki. Yana tauna yana kallona. "Ka ga na hwaɗi?"

Ni ba likita ba ne, ba zan iya cewa ga yawan da zai kashe mutum, ga yawan da zai tsaya a hanta ya jira ba. Abin da na sani shi ne an zana ƙoƙon kai a kwalbar, kuma na ga abin da ruwan ya yi wa bayan Yaya ta saman riga. Na matsa gefe na tofar da yawu, na yi kamar tari ne.

Kawu ya sauke famfon, bai wanke hannu ba, ya tsuguna yana zaɓe. Manya-manya ya zaɓa, masu mai, waɗanda suka fi sheƙi. Ya cika kwando ya rufe da takardar siminti. Na roƙe shi ya ba ni wanda ya fito daga wuta yau, wanda ba a fesa ba. Ya ce na yau bai bushe ba, kuma surukar yayarsa ba za ta ci kifin da tsutsa za ta riga ta ba. Ya ɗaura kwandon da hannunsa a bayan kabu-kabun da zai mai da ni. "Ka ce ma mai jego ta ci ta ƙoshi. Ran suna zan tambaye ta."

A hanya kwandon yana dukan bayana a kowane rami, warin yana biyo ni. Na yi tunanin in tsayar da mai babur in jefa shi a rafi, sai na tuna rafin a tafki yake zuba, kuma shanu na sha. Na yi tunanin in ce ya faɗi. Ban iya ƙarya ba, fuskata takan tona ni, Inna kuwa ta fi kowa sanin haka.

Na tarar ta riga ta ɗora tukunya, ta daka yaji, tana jiran kifi kawai. Na aje kwandon a tsakar gida, ban kai madafa ba, na faɗa mata abin da na gani. Yaya yana zaune a kan turmi yana gyaran fartanya.

Inna ta buɗe takardar ta shinshina. "Hayaƙi ne."

"Ba hayaƙi ba ne, Inna. Da idona na gani. Da famfon Baba."

"To a wanke da ruwan zahi. Kai dai tun da ka tahi makaranta komi guba ne. Kihin kawunka munka ci munka haife ku."

"Lokacin ba shi feshi."

"Wa ya ce ma?"

Daga ɗaki mai jego ta ɗaga murya, "Miji, ƙamshi nike ji ko hancina ne? A yi sauri, ɗiyarka ta tsotse ni."

Inna ta tsaya riƙe da ludayi tana kallon kwandon. A tsakar gidan nan ƙuda yana kan komai, kan turmi, kan ƙwaryar da aka wanke gero, kan ƙafar Yaya. Kwando cike da kifi a buɗe, a tsakiyar damina, babu ko ɗaya a kansa. Muna kallo wani ya zo ya sauka a kan wutsiyar tarwaɗa, ya yi 'yar tafiya, ya tashi ya faɗi ƙasa yana juyi. Inna ta mai da takardar ta rufe.

"Ba za ta ci ba," in ji ta. Ta juya wajen Yaya, wanda ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne. "Kai, kama wancan zakaran." Sai ta dawo kaina. "Amma ka ji ni da kyau. Ba a mai da ma kawunka kihinshi, ba a kuma hwaɗa mishi. Mutum ya zaɓo mahi kyau ya aiko, a ce mishi guba ya aiko ma jinjira? Ni da shi munka rage."

Na ce to a binne. Ta ce abinci ba a binne shi, Allah na gani. Na ce wannan ba abinci ba ne. Ta ce in rufe mata baki. Yaya ya tashi ya ɗauki kwandon ya kai ɗakin da muke aje taki da iri, ya rataye shi a rufi, ya ja ƙofa. A ranar, mai jego ta sha farfesun zakara, ta ce mini ashe kifin digiri ƙafafu biyu gare shi. Washegari Yaya ya tafi kwata tun da safe ya sayo ɗanye a bakin jirgi, Inna ta gasa da kanta. Da haka aka yi jegon.

Ranar suna Kawu ya zo cikin babbar riga, ya shiga ya ga jaririya, ya tambayi kifi kamar yadda ya ce zai yi. Mai jego, wadda Inna ta riga ta gaya wa, ta ce, "Allah shi saka da alheri, Kawu, ban taɓa ganin manya irinsu ba." Ba ƙarya ta yi ba. Ya ji daɗi. Yana fitowa ya hangi sabon famfon a jingine a zaure, ya tsaya, ya ce a kunna masa. Yaya ya zuba ruwa ya danna. Kawu ya tara tafin hannu a ƙarƙashin feshin, ya duba, ya jinjina kai.

"Kai, wanga ya hi. Ba shi barin ɗigo bisa kaya. Ran da ba ku aiki da shi, ku aiko mini in gwada."

Yaya ya ce batirin ba ya son iskar bakin ruwa, yana lalacewa. Kawu ya ce ashe kayan zamani ragwaye ne, nashi ya fi. Aka yi dariya. Ni na fita waje.

Tsohon famfon bai dawo ba. Kyauta ba a karɓe ta, kuma da na sake tayar da maganar Inna ta ce ko an karɓe, tsintsiya tana nan. Na taɓa gwada yi wa Kawu bayani mu biyu kaɗai, na ambaci gishiri da ƙara gashi da rufe kaya da kyau. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in na samu aikin gwamnati in zo in saya masa itacen gashin. Tun daga shekarar ban sake sa banda a bakina ba sai wadda aka gasa a gabana. A gidan biki idan na ga kan tarwaɗa a miya, sai in ce cikina ne ba lafiya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne kwandon. Ya daɗe a rataye, nakan gan shi idan na shiga ɗaukar taki, kifin yana nan garau, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba, ɓera ma bai kusance shi ba. Da kaka, lokacin yankan shinkafa, muka ɗauki 'yan ƙodago da suka zo daga ƙauyukan tudu, kuma a wajenmu mai gona ne ke ciyar da su da rana. Ni nake kai abincin gona. Wata rana na shiga ɗakin na ga igiya kawai. Yaya ya ce shi ya sauke ya binne a bakin gona. Na ce ya nuna mini wurin, ya ce ruwa ya shafe. Inna ta ce ita ba ta san zancen ba, kuma kada in sake tambayarta. A makon nan ne, ko wanda ya gabace shi, nake jin kamar na buɗe kwanon miyar 'yan ƙodago na ga kifi a ciki. Yana yiwuwa kifin kasuwa ne. Yana yiwuwa ma wata shekarar ce nake haɗawa da wannan. Ban ji an ce wani ya kwanta ba, amma suna gama aiki suka koma garuruwansu, ba lalle labari ya iso mu ba.

Ba na son in ɗora wa mahaifiyata ko yayana abin da ban gani ba. Saboda haka ina roƙon duk wanda ya yi yankan shinkafa a fadamarmu a wannan kakar, ko matan maƙwabta da suka taya Inna girki, ko wani da ya ga an haƙa rami a bakin gonar, ya aiko mini da abin da ya sani. Idan na yi kuskure a wani wuri, ko a maganar Kawu, ko a abin da ke cikin kwalaben, a gyara mini, zan karɓa. Abin da na fi bukatar sani shi ne abin da ke cikin miyar.